Ba Yau Ba, Mai Hoto

Mutari ɗan kawuna ne, wato taubashina, saboda haka ina da hurumin faɗin duk abin da na ga dama a kansa, shi kuma ba shi da wurin kai ƙara. Mu biyun ƴan Madawa ne. Ni koyarwa ta kawo ni Yamai, shi karatun jami'a. Karatu ya ƙare, aikin gwamnati ya ƙi zuwa, sai ya buɗe wani ɗan shagon hoto a unguwar Lamorde, wanda in mutum biyu suka shiga sai na uku ya jira a rana. Hoton katin shaida, hoton ɗalibai, biki da suna, da su yake cika tukunya.

Amma ba nan zuciyarsa take ba. Mu mutanen tudu ne, ruwan da muka tashi muka sani shi ne na rijiya da na tabkin damina. Ranar da Mutari ya fara ganin rana tana fitowa a kan kogin Isa da ya ratsa Yamai, daga ranar muka rasa shi. Da ya sallame sallar asuba sai ya rataya kyamara ya hau babur, ya gangara bakin gulbi ta bayan lambuna, ya tsuguna cikin sauro yana jiran rana ta ɓullo ta bayan gari, kamar wadda ta yi masa alkawari.

Ran Lahadi kuma sai ya zo gidana ya cinye mini abinci ya biya ni da lacca.

"Fa'iza, ke ba ki gane ba," in ji shi, da loma a baki. "In sama ta kama wuta, ga ja, ga ruwan goro, ga shuɗi, to zunubi ne a taɓa launi. Amma in gari ya waye fari fat, gulbi kwance, aka samu giginya guda ko jirgi guda, to launi surutu ne kawai. Nan sai nuwar-e-bulan."

"Baƙi da fari dai, Mutari. Kakarmu ma ta san shi, ba sai ka karya harshe ba."

Yakan ɗauki hoto ɗaya ya fitar da shi iri biyu, ya ajiye su gefe da gefe, ya wuni yana kallo kamar mai zaɓen ragon layya. Wani lokaci ya ce mai launi ya yi kwalliyar amarya, wani lokaci ya ce baƙi da farin ya yi sanyi. Ni dai duka rana nake gani da ruwa.

Ya auri Saratu, ƴar Baba Sumana. Baba Bazabarme ne, haifaffen bakin gulbin nan, mai jirgin dako. Yana lodin robobi da jarkoki da gishiri da sabulu ya haura da su ƙauyukan wajen Bubon, ya dawo da kabewa har jirgin yana neman shan ruwa. Dogo ne, ba ya son dogon zance, Hausarsa ta kasuwa ce, wadda ba ta damu da bambanta mace da namiji ba.

Kowa yana kunyar surukinsa, amma ta Mutari ta wuce misali. In ya hango Baba a hanya sai ya karkata babur ya faɗa wani lungu, ko da lungun ba ya ɓullewa. Bai taɓa shan ruwa a gabansa ba. Gaisuwa daga nesa, a durƙushe, ido a ƙasa. Baba ya taɓa ce wa Saratu ya fi sanin saman hular mijinta da fuskarsa.

Ni na san abin da ke ƙarƙashin wannan kunya. Ranar da manya suka je neman aure, da aka ce yaron mai hoto ne, Baba ya tambaya: "To, ban da hoto, mi yake yi?" Ba da mugunta ya faɗa ba, tambaya ce ta uba. Amma ta shige Mutari kamar ƙaya a tafin ƙafa, shekara da shekaru yana takawa da ita. Babu abin da yake so a duniya kamar ranar da tsohon nan zai kira abin da yake yi aiki.

To, wata Talata bayan damina, gari ya waye irin wayewar da Mutari ke mafarki. Sama fara, ɗan tururi kwance a kan ruwa. Yana tsugune sai ga jirgin Baba ya baro gaɓa, tsoho yana tsaye a baya da doguwar gora yana tura shi, rana kuma ta ɗago daidai kafaɗarsa. Mutari ya laɓe bayan dangar wani lambu ya danna.

Da ya koma shago ya fitar da iri biyu kamar kullum. A mai launi, jarkoki rawaya, bahuna ja, butoci kore, ido yana sauka sai ya tafi kasuwa ya manta da mai jirgi. A baƙi da fari robobin duk sun yi shiru. Tsoho ne kawai, da gorarsa, da ruwa, da rana fara kamar faifai. Mutari ya ce a ransa yau ƙaya za ta fita. Ya ɗora baƙi da farin a waya, kowa ya gani, ya kuma tura wa dangi na nan da na gida. Da yake ba ya iya kama sunan suruki, kuma waƙa tana cinsa, sai ya rubuta a ƙasa: "Baba ya tahi da asuba. Gulbi ya ɗauke shi a hankali."

Duk mai waya a ƙasar nan, har tsohuwar da ba ta iya karatu ba, ta san ma'anar hoton mutum da aka cire wa launi. Haka ake sanar da rasuwa. In ka buɗe waya ka ga fuskar da ka sani a baƙi da fari, kafin ka karanta rubutu ka riga ka yi salati. Mutari kaɗai, mai digiri, ya manta da wannan.

Ya aika, ya bar wayar a caji wajen mai shagon kusa da ke da janareta, don tun jiya babu kuran, wato wutar lantarki, a layinsu, ya wuce unguwar Talaje ɗaukar hoton biki. Shi kuwa Baba, wayarsa a kashe take cikin leda, ledar cikin gwangwani, can kuma inda ya nufa ko an kunna ba rezo, kira ba ya shiga.

Ina cikin aji wayata ta fara rawa a jaka. Da na ɗauka sai kukan gwaggonmu daga Madawa: "Fa'iza, ashe surukin Mutari ruwa ya ci shi?" Na sallami yara na kama hanyar Lamorde.

Kafin in isa an kafa rumfa a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi. Maza jere, kowa ya zo sai ka ji "fonda tilas", gaisuwar mutuwa ta Zabarmawa. A cikin gida Inna Mariyama, matar Baba, ta cire ƴan kunne, tansiyonta, wato hawan jininta, ya tashi, an kwantar da ita ana mata fifita. Saratu ta yi kuka har murya ta dushe. Isaka, babban ɗan Baba, ya kwashi masunta da jirage sun haura ta hanyar da Baba ke bi neman gawa. An ce ƙanwar Baba, Hajara, ta riga ta shiga mota daga Gaya. Wani dattijo a bakin rumfa yana kaɗa kai yana cewa gwanin ruwa shi ruwa ke ci.

Na koma gefe na sake buɗe hoton. Mutumin nan dai tsaye yake, gora a hannu, ko hularsa ba ta karkace ba. Na sake karanta rubutun. Sai gabana ya faɗi faɗuwa ta biyu, wadda ta fi ta farko, don na san irin haukan gidanmu.

Na hau kabu-kabu na ƙetare gada har Talaje, inda mai shagon kusa da nasa ya ce mini ya tafi biki. Na tarar da Mutari tsaye a kan kujera yana ce wa ƙawayen amarya su yi murmushi. Na ja bakin rigarsa.

"Sauko, marar kai. Ina Baba Sumana?"

"Ya tahi Bubon. Kin ga hoton? Kin ga yadda rana ta..."

"Na gani. Duk Lamorde ta gani. Suna can suna zaman makokinsa."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ya ce, "Mi na yi?" Sannan ya tuna abin da ya rubuta, na ga leɓɓansa suna maimaita kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ya dafe kai da hannu biyu ya zauna a ƙasa cikin shinkafar da yara suka zubar.

Magana zarar bunu ce, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Babu wanda zai je ya faɗa sai shi. Mutumin da bai taɓa ɗaga murya a ƙofar gidan nan ba, yau shi ne tsaye a tsakiyar rumfa, kyamara tana lilo a wuyansa, idon unguwa duka a kansa.

"Baba na nan da rai," ya ce, da wata murya kamar ta ɗan akuya. "Tahiya ya yi. Hoto ne kawai."

Liman ya gyara zama ya ce, "To, Malam Mutari, in yana da rai, don mi ka cire mashi launi?"

Da ya yi shiru da ya fi masa. Amma taubashina mai gaskiya ne har inda ba a so.

"Robobin ne, Malam. Sun cika ido."

Dattijon nan na bakin rumfa ya tafa hannu. "Saboda roba ka kashe surukinka?"

Wasu suka tuntsire da dariya, wasu suka tashi suna kaɗe riga suna tsaki. Wani ya ce ya rufe shagonsa tun safe, wani ya ce ya fasa tafiya Doso. Daga cikin gida aka ji guɗa ta haɗu da kuka. Saratu ta leƙo, ta dube shi sau ɗaya, ta koma. Na tabbata da ƙasa ta tsage a lokacin da ya shige ya ja ta ya rufe. Ni kaina da ban yi komai ba sai da na ja mayafi na rufe fuska, don jininmu ɗaya.

Hankali bai kwanta ba sai da la'asar, da su Isaka suka cim ma Baba a bakin gaɓar Bubon yana cinikin kabewa. An ce da ya ji labari sai da ya ƙarasa cinikinsa tukuna. Washegari ya dawo ya tarar da Hajara ta iso daga Gaya. Ta ce ita ba za ta yi asarar wannan doguwar hanya ba, ta rungume shi ta yi kukanta har ta ƙoshi.

Abin da ya biyo baya ba abin dariya ba ne. Saratu ta zauna gidansu jinyar Inna, jinya ta ƙare, ba ta ce ga ranar dawowa ba. A unguwa an raɗa wa Mutari suna Mai-kashe-launi. Tsoho ya zo hoton katin shaida, kafin ya zauna sai ya ce, "Ni dai da launi, Mutari, ina da sauran shan ruwa." Aka tura manya da goro ban haƙuri, Baba ya karɓa ya ce, "Na ji," bai ƙara ko kalma ba. Mutari ya daina zuwa gulbi. Ya rame, ya daina zuwa cin abincina, in ya zo ma babu lacca. Ni da nake masa dariya tun muna wasan ƙasa, wannan karon na nemi dariyar na rasa. Tausayinsa ya kama ni sosai, don na san ba rumfar ce ke cinsa ba. Ya so ya nuna wa tsohon nan cewa hoto aiki ne, sai ya nuna wa duk gari cewa ɓarna ce.

Ana nan sai Isaka ya zo shago da saƙo. Baba ya ce Mutari ya same shi bakin gulbi bayan sallar asuba, ya zo da hoton a takarda, iri biyun duka.

Mutari ya zo ya roƙe ni in raka shi. Na ce ai ni ba garkuwa ba ce. Ya ce ko daga nesa. Na je, na zauna a kan wani kifaffen kwalekwale inda kunnena zai kai, don ban ga amfanin rakiyar da ba a jin komai ba.

Baba yana zaune a cikin jirginsa da ke ɗaure a gaɓa. Mutari ya durƙusa a cikin laka tun daga nesa.

"Shigo," in ji Baba.

Ɗan Madawa da jirgi! Ya shiga da rarrafe, jirgi yana tangaɗi, ya samu wuri ya takure, ya miƙa takardun da hannu biyu, kai a ƙasa.

Baba ya fara duba mai launi. Ya nisanta shi da ido, ya matso da shi. "Wanga ni ne," ya ce. "Ga robobina. Ga jarkar Hajiya mai waina, ya fashe a hanya. Wanga a sa shi bango, kowa ya shigo ya san mai gidan na da sana'a."

Ya ajiye, ya ɗauki ɗayan. Ya daɗe. Gari yana ta wayewa, masu wanki sun fara bugun kaya a kan duwatsu, shi dai yana kallo.

"Wanga tsoho wane ne?"

"Ku ne, Baba."

"Haka bayana ta lanƙwashe?"

Mutari ya ƙara sunkuyar da kai.

"Ba wanda ya gaya mini," in ji Baba. "Madubi ba ya gwada ma mutum bayanshi." Ya shafa takardar da babban yatsa. "Babana haka yake tsayuwa. Ƙafa guda gaba, gora nan wajen. Ya mutu ba mu da hotonshi ko guda. Ran da Isaka ya gwada mini wanga cikin waya, ban ga kaina ba. Shi na gani."

Daga inda nake zaune na daina murza carbi.

"An ce kunya ta hana ka fita. To, ka ji kunya, ka tada mini gida, ka kwantar mini da tsohuwa. Amma na tambayi Hajara, na ce ke da ba ki karatu, mi ya sa ki shiga mota? Ya ce, ni hoton na gani, na ce wanga ban kwana ne." Baba ya miƙa masa baƙi da farin. "Riƙe. Ran da ranar ta zo, kar ka bari yaran nan su sa na katin shaida, wanda na zaro ido kamar ɓarawon akuya. Wanga za ka sa. Da maganar da ka rubuta, kar ka sake ko kalma guda. Ran nan za ta zama gaskiya."

Mutari ya karɓa da hannu biyu.

"Ɗago kai mana," in ji Baba, "in ga fuskar wanda na ba aiki."

Ya ɗago. Hawaye shaɓe-shaɓe, har da majina, babu kyan gani ko kaɗan. Baba ya dube shi da kyau ya ce, "Ashe haka kake. To, sauka, ina da lodi."

Da yamma Saratu ta koma ɗakinta. Mai launi yana nan rataye a zauren Baba. Ɗayan kuwa Mutari ya sa shi a ƙasan akwati, ya ce ko ni kar in ƙara tambayarsa.

Ya koma gulbi. Amma tun daga ranar, duk safiyar da jirgin Baba zai wuce, tsoho sai ya tsai da gora ya ɗaga murya yadda har masu wanki za su ji:

"Ba yau ba, mai hoto!"

Bakin gulbi ya kwashe da dariya, Mutari ya sunkuyar da kai kamar ranar rumfa. Shekaru ana haka, kunyar ba ta ragu ba, kuma bai taɓa fashin zuwa ba. Giginya da gada da masunta har yanzu yana wuni yana musu zaɓe tsakanin iri biyu. Amma hoton da Baba ke ciki, ko robobi sun kai ina wajen ihu, da launinsa yake barinsa.

Bana Baba ya daina tsayuwa. Isaka ke riƙe gora, shi yana zaune a kan jarkoki da bargo a kafaɗa, muryar kuma ba ta cika ƙetare ruwa ba. Makon jiya na bi Mutari gulbi, ya ce sama za ta yi kyau. Ta kuwa yi, ja da ruwan goro har cikin ruwa. Jirgi ya baro gaɓa, ya zo daidai mu, ya fara wucewa. Ba mu ji komai ba. Masu wanki suka tsai da bugu. Mutari ya sauke kyamara daga ido, ya miƙe tsaye, na ga ko numfashi ba ya yi.

Can sai bargo ya motsa. Tsoho ya fito da hannu, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya kaɗa shi hagu da dama.

Mutari ya ɗaga kyamara ya danna, hannu yana karkarwa. Hoton ya fito a dagule, ba a gane jirgi ba a gane mutum, launi duk ya shiga juna. Na ce masa wannan ai ko yaron makaranta ba zai nuna shi ba. Bai kula ni ba. Shi ne yanzu rataye a shago, sama da kujerar da ake zama.